Takarda ta ce 9, waya ta ce 12: yadda muka gwada injinan ces a Jos

Duk ranar Asabar bayan la'asar muna haɗuwa a barandar wani shago da ke kusa da titin Bauchi, mu shimfiɗa alluna, mu buga ces, wasan allon nan da Turawa ke kira chess, har magariba. Ni malamin lissafi ne, kuma ni aka ɗora wa koya wa yara. Yawancinsu daga Unguwar Rogo, Rikkos da Gangare suke zuwa. A hunturun da ya wuce muka yanke shawarar shirya musu gasar warware matsala, wato ba wasa tsakanin mutum biyu ba. Za a ɗora wa yaro yanayin allo a gabansa, a ce masa fari ne da taku, zai kashe sarkin baƙi a taku kaza ko me baƙi ya yi, sai ya nemo hanyar. Wannan shi muke kira kisan dole.

Don mai karatu ya bi ni, ga sunayen da muke koya wa yara da su: sarki, sarauniya, doki, soro, dakare, sai kuma giwa, wadda ke tafiya a karkace. Sunan giwa daga Larabawa muka aro shi, don su "fil" suke ce mata. Takun farko da ke buɗe hanyar kisa kuwa, shi ne mabuɗi.

Matsalolin sun fito ne daga hannun dattijon kulob ɗin, wanda duk muke kira Baba. Ya koyi ces tun yana saurayi a wurin wani ma'aikacin haƙar kuza, kuma yana da wata tsohuwar jaka cike da takardun da aka yi wa hoto a kan hoto har tawadar ta koɗe. Na zaɓo wasu zan haɗa ɗan littafi. Ana cikin haka wani daga cikin samarin ya ɗauki ɗaya, wadda aka rubuta a ƙasanta cewa kisa ne a taku 9, ya jera ta a manhajar wayarsa. Injin, wato manhajar da ke lissafa taku, ya daɗe yana nuna cewa fari ya yi rinjaye mai yawa, ba tare da ya ambaci kisa ba. Can sai ya ce kisa a taku 12. A nan ya tsaya.

Baba ya karɓi wayar ya duba, ya cire tabarau ya ce: "Malam, to ai takardar ce ta yi kuskure. Abin da ya kayar da Kasparov zai kasa lissafin taku 9?"

Na ce: "Baba, a yi mini haƙuri zuwa mako mai zuwa. Ban yarda da takardar ba tukuna, amma ban yarda da wayar ba ita ma."

Maganar Baba tana da tushe. A watan Mayun 1997 kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke Garry Kasparov, zakaran ces na duniya a lokacin, a birnin New York da ci 3½ da 2½, kuma injin da ke cikin wayar talaka a yau ya fi waccan ƙarfi. Amma ni abin da ya dame ni daban ne. Zan miƙa wa yara littafi in ce musu amsar kowace matsala ɗaya ce. Idan yarinya ta gano wata hanyar da ta yi daidai na ce mata ta faɗi, na zalunce ta. Idan kuma matsalar ba ta da amsa a takun da aka rubuta, na ɓata wa yaro awa guda a banza, wataƙila ma in sa ya ɗauka kansa ne ba ya ja.

Yadda muka tsara gwajin

Ɗan ƙanwata yana karatun kwamfuta a jami'a, kuma ya taɓa rubuta wa kansa ɗan ƙaramin injin ces. Shi na kira. Ya zo da kwamfutarsa ta cinya, muka zauna a ɗakina dare uku, da bargo a kafaɗa saboda sanyin Jos na watan Janairu.

Muka tara 'yan takara. Na farko Stockfish, wanda shi ne ke cikin wayar saurayin nan. Kyauta ake samunsa, an fara fitar da shi a 2008, Tord Romstad da Marco Costalba da Joona Kiiski suka assasa shi a kan wani tsohon inji mai suna Glaurung. Na biyu Leela Chess Zero, wadda ta bi sahun AlphaZero, injin kamfanin DeepMind da ya koyi ces ta hanyar buga wasa da kansa. Sai manhajoji biyu da ba a ƙera su don buga wasa ba sam, aikinsu warware matsala kawai: Chest na Heiner Marxen, da Popeye. Na ƙarshe injin yaron nawa.

Leela ba ta daɗe a cikin gwajin ba. Tana buƙatar katin hoto mai ƙarfi kafin ta yi gudu, kwamfutarmu kuwa ba ta da shi. Auna ta a haka kamar a sa doki sukuwa da dabaibayi ne, sai muka ajiye ta, kuma ba zan yanke mata hukunci a nan ba.

A daren farko mun yi aikin banza, kuma yana da kyau in faɗi dalili. Mun ba kowane inji minti guda a kan kowace matsala. Ana tsaka da aiki aka ɗauke wuta, kwamfutar ta koma kan batiri, ta rage gudu da kanta don tattalin caji. Minti gudan kafin ɗauke wuta da na bayanta ba ɗaya ba ne. Daga nan muka daina auna lokaci ga injinan wasa, muka koma ƙayyade yawan yanayin allon da za su duba. Haka kuma muka lura cewa idan aka bar Stockfish ya yi aiki da zare da yawa, wato ya raba binciken gida-gida yana yin su a lokaci guda, matsala ɗaya za ta iya ba da sakamako biyu a gwaji biyu, domin zaren suna rige-rigen rubutu a ma'ajiya ɗaya, inda injin ke adana abin da ya riga ya duba. Muka mayar da shi zare ɗaya. Sannan muka riƙa share ma'ajiyar kafin kowace sabuwar matsala. Dalilin wannan na ƙarshe zai fito a gaba.

Kuma muka raba tambayar gida uku, don a nan ne gizo ke saƙar. Shin injin ya ga akwai kisa? Shin kisan da ya gani shi ne mafi gajarta? Shin mabuɗin ɗaya ne, ko akwai wani? Ɗan wasa ta farko kaɗai ta dame shi, domin wanda ya yi kisa a taku 12 da wanda ya yi a taku 9 maki ɗaya suke samu. Mai shirya gasar warware matsala kuwa, in bai amsa ta biyu da ta uku ba, bai yi komai ba.

Matsalar taku 2 da ta kayar da injin yarona

Gajerun matsalolin ba su ba Stockfish wahala ba, kafin a ɗaga yatsa daga maɓalli ya ba da amsa. Amma injin ɗan ƙanwata ya tuntuɓe a kan wata 'yar ƙarama da ake dangantawa da Paul Morphy, gwanin Amurka na ƙarni na 19. Ku jera ta a allo (kowane gida ana kiransa da harafin layinsa na tsaye, a zuwa h, da lambar layinsa na kwance, 1 zuwa 8), don ita ce mabuɗin fahimtar duk abin da ya biyo baya.

Fari yana da sarki a c8, soro a a1, dakare a b6. Baƙi yana da sarki a a8, giwa a b8, dakaru a a7 da b7. Fari ne da taku, kisa a taku 2.

Amsar ita ce soro ya hau a6, ya tsaya a bakin dakaren b7 kamar mai neman a ci shi. Yanzu ku ƙirga abin da ya rage wa baƙi. Sarkinsa ba shi da mafita. Dakaren b7 ba zai matsa gaba ba, dakaren fari ya tare shi. Dakaren a7 ba zai matsa ba, soro ya tare shi, kuma ba zai ci b6 ba don zai buɗe wa sarkinsa wuta. Taku 7 kacal suka rage: ko dakaren b7 ya ci soro, ko giwa ta tafi ɗaya daga gidaje 6. In dakare ya ci soro, dakaren fari ya hau b7, kisa. In giwa ta gusa, soro ya ci a7, kisa.

Abin lura shi ne, soro a a6 ba ya yi wa kowa barazana. Da doka ta yarda baƙi ya ce "na haƙura, ka sake takawa", da ya tsira, domin in soro ya ci a7 giwa tana nan za ta cinye shi. Abin da ya kashe baƙi shi ne tilas ya taka. Jamusawa suna kiran wannan zugzwang, mu kuma muna ce wa yara gaba kura baya siyaki.

Injin yarona ya ƙi ganin soro a a6. Ya yi shiru yana kallon allon kwamfutar, can ya dafe kai ya ce: "Kawu, na gane. Takun wofi ne."

Ga abin da yake nufi. Kusan duk injin wasa mai bin reshe-reshe yana amfani da wata dabara don rage aiki. Idan ya zo kan wani yanayi, sai ya tambayi kansa: in na bar abokin karawa ya taka sau biyu a jere, har yanzu ina lafiya? In amsar e ce, sai ya ɗauka yanayin ya yi masa kyau, ya yanke reshen ba tare da ya duba takunsa ɗaya bayan ɗaya ba. A wasa na yau da kullum wannan zato yana yin daidai kusan koyaushe, domin samun damar taku riba ce. A matsalar Morphy kuwa zaton ya kife. Injin ya bar baƙi ya yi takun wofi, ya ga babu kisa, ya ce soro a a6 ba shi da amfani.

Masu rubuta inji sun san wannan ramin. Kariyar da aka saba yi ita ce a hana takun wofi idan ɓangaren da zai taka ba shi da komai sai sarki da dakaru, domin a nan aka fi samun tilas. Yaron nawa ya sa wannan kariyar. Amma baƙi a nan yana da giwa, don haka kariyar ba ta tashi ba. Ya kashe takun wofin gaba ɗaya, injin ya ga amsar nan take. Sai ya haɗa sabon da tsohon suka buga wasanni, tsohon mai takun wofi ya riƙa cin sabon, saboda yana hango nesa a lokaci ɗaya. A nan na fahimci cewa abin da ke sa inji ƙarfi a wasa shi ne ke makantar da shi a irin waɗannan matsaloli. Ba aibi ne da aka manta ba, ciniki ne aka yi da saninsa.

Me ya sa ba za a duba komai ba

Baba ya tambaye ni washegari me zai hana injin ya duba duk taku kawai a huta. Na ɗauki alli. A yanayi na tsaka-tsaki mutum yana da taku kamar 30 da zai iya yi. Kisa a taku 2 yana nufin fari, baƙi, fari, hawa 3 ke nan: 30 sau 30 sau 30, wato 27,000. Kisa a taku 5 hawa 9 ne, kuma 30 sau kanta har sau 9 ta haura tiriliyan 19. Kisa a taku 9 hawa 17 ne. Ban ƙarasa lissafin ba ya ɗaga hannu.

Abin sha'awa, da irin wannan matsalar aka fara. A 1951 Dietrich Prinz ya rubuta manhaja a kan kwamfutar Ferranti Mark 1 a Manchester, wadda ba ta iya buga cikakken wasa, sai warware kisa a taku 2. Tana gwada duk taku ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki kamar minti 15. Ba ta san dakare yana zama sarauniya ba, ba ta ma bambanta kisa da yanayin da sarki ya rasa taku ba tare da an yi masa cek ba, wato ba a kai masa hari ba. Daga nan hanya ta rabu biyu. Injinan wasa suka koyi yanke rassa da zato. Masu warware matsala irin su Chest da Popeye suka riƙe amanar duba duk wata kariya da baƙi zai iya yi, su yanke kawai abin da ba zai canza amsa ba.

Stockfish ya yi nisa a hanya ta farko. Ban da takun wofi, yana rage zurfin binciken takun da ya jera a ƙarshen layi, waɗanda yake ganin ba su da alamar amfani. Taku mai shiru, wanda ba cek ba ne ba kuma ci ba, ko wanda ke ba da sarauniya a banza, shi ke faɗawa ƙarshen layin. To su kuma masu tsara matsala irin wannan takun suke nema da gangan, don shi ne kyawun sana'arsu. Masu kula da Stockfish suna karɓar sabon gyara ne idan ya yi nasara a dubban wasanni a dandalinsu na gwaji mai suna Fishtest. Ma'auninsu cin wasa ne. Yana da binciken tabbatarwa da yake yi bayan takun wofi idan zurfi ya yi yawa, shi ya sa matsalar Morphy ba ta kama shi, amma hakan bai mayar da shi mai duba komai ba. Don haka idan ka ga ya rubuta zurfi 40, ba yana nufin ya ga duk abin da ke cikin hawa 40 ba ne. Wasu rassan ya bi su fiye da haka, wasu ya sake su tun da wuri.

Daga nan ma'anar lambar da ke kan waya ta fito fili. In inji ya ce kisa a taku 12, abin da ya gano shi ne akwai hanyar da ba za ta wuce 12 ba. Bai ce babu ta 9 ba. In kuma bai ambaci kisa ba, bai ce komai ba.

Dakaren Loyd

Akwai wadda na sa a gwajin don kaina, saboda ina ƙaunarta. Sam Loyd, ɗan Amurka, ya wallafa ta a 1861, ana kiranta Excelsior. Fari: sarki a h5, soraye a b5 da e2, dawaki a a1 da h3, dakaru a b2, c2 da g3. Baƙi: sarki a h1, soro a c8, giwa a d8, doki a a8, dakaru a a3, b6, b7, e3, f7 da h7. Kisa a taku 5.

Ido yana cewa soron b5 ya je f5 ya sauka f1. Amma in ya tafi nan take, soron baƙi zai zo c5 ya ɗaure shi a jikin sarkinsa. Saboda haka dakaren b2 ya hau b4 ya tsare c5. Baƙi ya kawo soron c5 duk da haka, da cek, dakare ya ci shi. Yanzu layin b ya buɗe, soro yana shirin sauka b1, sai baƙi ya tura dakare a2 ya tsare gidan. Dakaren fari ya hau c6, ya sake buɗe wa soro hanyar f5 da d5. Baƙi ya kai giwa c7, don daga nan za ta iya jinkirta duka biyun. Amma ta toshe wa dokinta na a8 mafita. Dakare ya ci b7, sannan ya ci dokin a8 ya zama sarauniya, ya kashe sarkin da ke can h1 daga wannan kusurwa zuwa waccan. Dakaren da ya fi kowa nisa da sarkin baƙi a farko, shi ya yi taku biyar ɗin duka.

Stockfish ya same ta ba wahala. Popeye ma ya same ta, amma ya ƙara abin da wancan bai damu da shi ba: a taku na ƙarshe dakaren zai iya zama giwa maimakon sarauniya, kisan dai yana nan. Ƙaramin abu ne, amma shi ya nuna mini bambancin ma'aikatan biyu. Ɗaya ya kawo hanya. Ɗayan ya kawo duk hanyoyin.

Kurakuran da suka fito daga hannuna

Da muka bi sauran matsalolin da Popeye da Chest, biyu suka fito da ɓaraka, kuma duka biyun ni ne sila.

Ta farko Popeye ya ce tana da mabuɗi biyu. Stockfish ya ba da ɗaya ya wuce, kuma da na tsaya a kansa da na buga ta a haka. Na koma kan takardar Baba da fitilar waya, na karkata ta, sai ga inuwar wani baƙin dakare a kan baƙin gida, tawadar ta cinye shi. Aikinsa a matsalar ke nan, ya toshe hanya ta biyun. Na mayar da shi, mabuɗi ya koma ɗaya.

Ta biyu duk injinan suka ce babu kisa a takun da aka rubuta. Kowa ya kasa, har masu duba komai. Mabuɗinta shi ne takun nan da sarki da soro ke yi tare, wanda 'yan wasa ke kira kasilin. Ana shigar wa kwamfuta yanayin allo ne da layin rubutu guda mai suna FEN, kuma a cikinsa akwai gurbin da ake faɗa mata ko wannan haƙƙin yana nan. Ni kuwa na sa ɗan layi a gurbin, wato babu. Al'adar masu tsara matsala ita ce ana ɗauka haƙƙin yana nan muddin ba a iya tabbatar da cewa sarki ko soro ya taɓa motsawa ba. Cin dakare a wuce kuma, wato dakare ya ci dakaren abokin karawa da ya yi tsallen gida biyu ya tsaya a gefensa, akasin haka ne, ba a yarda da shi sai an tabbatar takun da ya gabata shi ne ya ba da damar. Kwamfuta ba ta san wannan al'ada ba, abin da aka rubuta mata take bi. Da ban bincika ba, da na jefar da matsala mai kyau, na kuma ɗora wa wanda ya tsara ta laifin da ba nasa ba.

Yarona ya kawo shawarar mu sauke rumbun ƙarshen wasa na Syzygy, wanda Ronald de Man ya fitar a 2013, inda aka ajiye sakamakon kowane yanayi da 'ya'ya kaɗan suka rage a allo. Na 'ya'ya 5 bai kai gigabayit 1 ba, na 6 ya kai kusan 150, na 7 kuwa ya haura terabayit 16, ba na mai sayen data da kuɗin albashi ba ne. Muka sauke na 5. Bai taimaka wa tambayarmu ba, domin abin da yake ajiyewa shi ne ko yanayin nasara ne, canjaras ne ko faɗuwa, da kuma nisan zuwa cin ɗa ko takun dakare na gaba, saboda dokar da ta ba da damar neman canjaras in aka yi taku 50 babu ɗayan biyun. Ba ya ajiye nisan kisa. Tsofaffin rumbunan Nalimov su ne ke ajiye wannan, haka ma na Lomonosov da aka lissafa a Jami'ar Mosko a 2012, inda aka samu yanayin da kisan dole ke ɗaukar taku 549. Muka cire rumbun daga gwajin.

Komawa kan 9 da 12

Ita muka bari ƙarshe. Stockfish a kwamfuta ya yi abin da ya yi a waya: rinjaye mai yawa, sannan 12. Muka ninka masa adadin binciken, ya sauko 11, ya tsaya.

Muka ba Chest, muka ce ya nemi kisa a taku 9. Da yake baƙi a matsalar a ƙuntace yake, takunsa kaɗan ne, bishiyar ba ta kai girman lissafin allina ba. Muka bar kwamfutar a kunne muka kwanta. Da asuba amsa tana jira: akwai kisa a taku 9, mabuɗi ɗaya. Muka sake tambayarsa taku 8, ya ce babu. Takarda ta yi gaskiya. A tsakiyar amsar akwai takun sarkin fari mai shiru, gefe guda, wanda ba ya barazanar komai, sai dai ya bar baƙi da tilas. Matsalar Morphy ce ta dawo, an binne ta a ƙarƙashin taku huɗu.

Sai yarona ya yi wani abu da ya ba ni mamaki. Ya taka wa Stockfish amsar da hannu har kusa da ƙarshe, inda ya ga kisan, sannan ya riƙa komawa baya taku ɗaya-ɗaya ba tare da share ma'ajiya ba. Da ya iso farko, injin ya rubuta 9. Abin da ya gani a gaba yana nan a ma'ajiyarsa, sai ya daina raina takun sarkin. Ya share ma'ajiyar ya sake tambaya, aka koma 12. Wannan dabara tana da amfani ga mai nazari, amma guba ce ga mai gwaji. Duk wanda ya ce maka injinsa ya warware matsala kaza, tambaye shi ko ya riga ya nuna masa hanya.

Ranar Asabar na jera wa Baba ita a allo. Da na zo kan takun sarkin ya riƙe hannuna, ya daɗe yana kallo, yana gwada wa baƙi taku da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce: "Ashe wayar ba ƙarya ta yi ba, Malam. Hanyar da ta sani ta faɗa."

Na ce: "Haka ne, Baba."

Ba duka aka warware ba. A jakar akwai wata mai taku fiye da 30, irin dogayen nan da Ottó Bláthy ya shahara da su, injiniyan Hangari da ke cikin waɗanda suka ƙera taransifoma, wanda ya tsara matsalolin da suka haura taku 200. A irinsu fari yana maimaita wata zagayawa ne don ya ci taku guda a kowane zagaye, har baƙi ya ƙare takun dakarunsa. Mutum yana gane dabarar da zarar ya ga zagaye ɗaya. Stockfish bai ga kisa a cikinta ba, Chest kuma dare biyu bai gama ba. Akwai nau'o'in Stockfish da aka gyara don neman kisa, irin su Crystal, waɗanda suka sassauta yankan rassa, kuma yarona yana so ya gwada su a hutu mai zuwa. Amma ko sun ga kisan, tambaya ta uku tana nan.

Dokar da na kafa wa littafin ita ce, ba matsalar da za ta shiga sai Popeye ko Chest ya gama ta har ƙarshe, ya tabbatar da adadin taku da mabuɗi ɗaya, kuma mutum biyu sun gwada layin FEN da takardar asali. Doguwar ta koma jakar Baba, na rubuta a bayanta da fensir cewa ba a tabbatar ba.

Matsalar Morphy na sa a shafin farko. Ranar gasa wata yarinya 'yar aji biyu daga Rikkos ta ɗaga soron ta kai shi a6, ta janye hannu da sauri ta mayar da shi a1, don ta ga dakare zai ci. Ta zauna tana ƙirga takun baƙi da yatsu, leɓenta yana motsi. Da ta kai na bakwai ta sake ɗaukar soron ta ajiye a a6, ta rubuta amsarta.